Yadda ake tsufar da ƙaramin taragon jirgin ƙasa ba tare da an ƙona robarsa ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙananan taragun jirgin ƙasa guda huɗu na roba, masu ma'aunin HO (wato tsawonsu kashi ɗaya ne cikin 87 na taragon gaske), waɗanda wani ɗan'uwana ya sayo mini. Sai sheƙi suke yi kamar kayan wasan yara, ni kuwa so nake su yi kama da tsofaffin taragun da ke tashar jirgin Gombe. Na gwada da guda ɗaya, na sirka baƙin fentin mai da tina (ruwan sirka fenti) na shafe shi. Yanzu rufinsa ya yi danƙo, rubutun jikinsa ya goge, kuma ba ya gudu a kan dogo sai an tura shi da ƙarfi. Ina kuskuren yake, kuma yaya zan yi da sauran ukun? Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Danƙon da kake ji ba fenti ne da bai bushe ba, robar ce da kanta ta narke. Tinar da masu fentin mota ke amfani da ita tana cin irin robar da ake ƙera waɗannan taragu da ita, haka ma fetur da ruwan goge fentin farce. Inda ta riga ta ci ba ya komawa. Ajiye shi a inuwa kamar mako guda ya ƙanƙame, daga nan ya zama taragonka na gwaji: duk abin da za ka yi wa sauran, fara gwada shi a jikinsa. Rashin gudun kuwa da sauƙi. Fenti ne ya shiga 'yan ramukan da tsinin aksul (sandar da ke haɗa ƙafafu biyu) ke juyawa a ciki. Ɗan buɗa gefen firam ɗin a hankali da yatsa, ka cire ƙafafun, ka kankare ramukan da tsinken sakace, sannan ka goga bakin fensir a ciki. Kada ka ɗiga mai, ƙura zai tara maka.

Kuskure na biyu ya fi na tina girma, wato zaɓen baƙi. Taragun Ingila da ake gani a hotuna sun yi baƙi ne saboda hayaƙin kwal da yawan ruwan sama. Namu rana ce da jar ƙasa suke tsufar da su. Dogon da ya taso daga Kuru ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, ya dangana da Maiduguri a 1964, kuma duk taragon da ya daɗe a wannan hanya kamanninsa ɗaya ne. Ka je tasha, ka nemi izinin ma'aikata, ka ɗauki hoton tarago ɗaya ta gefe, ta baya, da ta sama in akwai hali. Za ka ga rufin ya koɗe ya yi fari-fari. Ƙura ta fi kama kashi ɗaya cikin uku na ƙasan jikin, tana raguwa in an yi sama. Tsatsa tana fitowa daga kan ƙusoshi da maratayin ƙofa, ta gangaro ƙasa tsaye, domin ruwan damina ne ke jan ta. Baƙi na gaske sai a wajen akwatin aksul da ƙugiyar haɗi, inda giris yake. Taragon siminti kuma toka-toka yake yi a bakin ƙofa. Ka ajiye hoton nan a gabanka har ka gama, don ido yana da son ƙari.

Akwai kuma lissafin da ke hana mutum wuce gona da iri. HO ɗaya ne cikin 87. Zanen tsatsa mai faɗin tafin hannu a taragon gaske, kamar santimita 9, milimita ɗaya ne kacal a naka. Ƙwayar yashi mai milimita ɗaya kuma ta zama dutse mai girman dunƙulen hannu.

Kafin ka taɓa fenti, cire ƙafafu da ƙugiyoyin haɗi ka zuba su a murfin kwalba. Wanke jikin da ruwa mai ɗan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, da tsohon buroshin haƙori, ka ɗauraye, ka bar shi ya kwana. Maiƙon hannu da na masana'anta ne ke sa fentin ruwa ya dunƙule ya ƙi kwanciya. Sai ka fesa masa banish marar sheƙi, irin na gwangwani da aka rubuta ya dace da roba, shafi ɗaya siriri, daga nisan santimita 25 zuwa 30. Fara fesawa a gefe, ka wuce ta kan taragon, ka tsaya a ɗaya gefen. Wannan shafin kaɗai yana kashe ƙyallin, kuma shi ne zai ba gari da fenti wurin kamawa.

Fentin da za ka saya shi ne akirilik na masu zane, wanda ake sirkawa da ruwa. Kala huɗu sun isa: fari, ruwan ƙasa mai duhu, ja mai kalar tsatsa, da rawaya mai kalar yumɓu. Ƙaramin tubu ɗaya zai yi maka taragu da yawa.

Koɗewar rana ce farko. Ɗigo ɗaya na fari, da ɗan rawayan a bakin tsinke, cikin ɗigo 15 zuwa 20 na ruwa. Sirinji yana taimakawa wajen ƙirga. Ƙara ɗan sabulun ruwa, gwargwadon abin da tsinke zai ɗauko, don ruwan ya bazu. Shafa da buroshi mai laushi mai faɗi daga rufi zuwa ƙasa, kullum a tsaye, kada ka yi a kwance. In ya bushe kana ganin kamar ba ka yi komai ba, to ka yi daidai. Sake yi sau biyu ko uku, rufin ya fi gefe samu. Rubutun jikin ya dusashe amma ya karantu.

Bayan ya bushe sarai sai na biyu: ruwan ƙasa mai duhu, ɗigo ɗaya cikin goma na ruwa. Wannan ba shafe jiki ake yi da shi ba. Ɗora bakin siririn buroshi a tsagin katako, ko gefen ƙofa, ko gindin ƙusa, ruwan zai bi tsagin da kansa. Abin da ya malalo fili ka ɗauke shi da auduga mai ɗan laima kafin ya bushe. In ka bar shi ya taru, zai bushe da zobe mai duhu a gefe kamar tabon shayi a kan tebur, kuma akirilik in ya kama ba ya fita da ruwa. A nan hunturu ke cutar mutane: iska ta bushe, fentin yana kamawa cikin minti ɗaya ko biyu. Saboda haka a yi gefe ɗaya, ɓangare-ɓangare, da asuba ko da dare, ƙofa a rufe, fanka a kashe, a kifa roba mai tsabta a kansa yayin da yake bushewa.

Tsatsa: yagi ɗan guntun soson katifa, ka riƙe da hantsaki, ka tsoma a ruwan ƙasa mai duhu ba tare da sirki ba, ka dangwala a takarda har ya kusa daina fita, sannan ka ɗan taɓa gefunan rufi da wajen ƙofa. A tsakiyar wasu tabon ka ɗiga jan da tsinke, ka ja shi ƙasa da buroshi mai laima. Tsohuwar tsatsa duhu gare ta, sabuwa ce ke yin ja-ja mai haske, don haka jan ya zama kaɗan. Zane biyar ko shida a gefe ɗaya sun wadatar, kuma kada su zama tsayi ɗaya.

Ƙura kuwa ba sai ka sayo ba, tana ƙofar gida. Ɗebo jar ƙasa, ka shanya ta bushe ƙarau, ka daka, ka tace da rariya, ka sake tacewa da tsumma mai laushi har ta zama kamar hoda. Sannan ka naɗe maganaɗisu a leda ka bi ta cikinta sau biyu ko uku. Wannan matakin kada ka tsallake shi: duk ɓurɓushin ƙarfen da ya rage, maganaɗisun injin kan jirgi zai jawo shi ya lalata injin. Dalilin nan ne ma ya sa ba mu son garin tsatsar gaske da wasu ke kankarowa daga tsohon kwano. In jan ya yi yawa, gauraya da garin farin alli, kashi ɗaya cikin uku. Ɗauka da busasshen buroshi, ka dangwala daga ƙasan tarago ka yi sama, ka hure ragowar. Ƙarshen taragon ma ya samu layi biyu a tsaye daidai saitin dogo, inda ƙafafun taragon da ke gabansa ke watso ƙasa. Garin gawayi kaɗan a wajen akwatin aksul, fensir kuma a gefen matakala da mariƙin ƙofa inda hannu ke goge ƙarfe.

Fuskar ƙafafun ka shafa musu ruwan ƙasa da siririn buroshi. Amma inda ƙafa ke taka dogo, da tsinin aksul, da ƙugiyar haɗi, ko ɗigo kada ya taɓa. Fentin da ke kan matakin ƙafa yana komawa kan dogo, ya hana wutar lantarkin da ke bi ta dogon isa ga kan jirgin, ka ga yana tafiya yana tsayawa.

Rufewa da banish a ƙarshe yana da nasa haraji. Yana haɗiye garin, musamman mai haske, har ka ga kamar yawancin ƙurar ta ɓace. Kada ka ruɗe ka zuba gari da yawa lokaci guda. Fesa siriri, ka bari ya kwana, ka ƙara gari, ka sake fesawa, sau biyu ko uku. A watan Agusta, ranar da iska ke da laima, banish yakan yi fari kamar hazo a jikin tarago; jira ranar da gari ya buɗe ka sake fesa shafi ɗaya, yawanci yana washewa. Sifirit ma yana sa shi yin farin, don haka kada ka goge da shi bayan ka fesa. Shanya a rana kuma babu ita ko kaɗan. Zafin Maris da Afrilu a Gombe, ko cikin motar da aka rufe, yana iya lanƙwasa robar, kuma taragon da firam ɗinsa ya karkace ba zai ƙara zama daidai a kan dogo ba.

Sauran ukun kada su fito iri ɗaya. Ɗaya ya tsaya a banish da ƙura kaɗan a ƙasa, kamar wanda bai daɗe da fitowa daga gyara ba. Na biyu ya samu koɗewa da duhun tsagi. Na uku kaɗai za ka yi wa tsatsa sosai, shi ma bayan ka gwada soson a kan wancan da tina ta ci.