Amsa: Me ya rufe masana'antun motoci na Amurka, kuma ina aikin ya koma?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya cewa tunda Amurka ce uwa ma ba da mama a harkar ƙera mota, me ya sa motocin da ake sauke mana daga can kusan duk Toyota ne da Honda, kuma shin da gaske Japan da Sin ne suka mayar da masana'antun Detroit, birnin da ke cibiyar ƙera motocin Amurka, kufai. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma tana buƙatar gyara.

Amurka ba ta daina ƙera mota ba. Har gobe tana fitar da kimanin miliyan 10 a shekara, Sin kaɗai ce a gabanta. Abin da ya karye shi ne rinjayen kamfanoninta uku, General Motors (GM) da Ford da Chrysler, tare da garuruwan da suka jingina da su a Michigan da Ohio da Wisconsin. A shekarun 1960 kusan tara cikin goma na motocin da ake saya a ƙasar nasu ne, GM kaɗai tana riƙe da kusan rabin kasuwa a 1962. Yau su ukun a haɗe ba su kai rabi ba. Sin kuwa hannunta kaɗan ne a nan, domin motocin kamfanoninta kusan ba a sayar da su a Amurka.

Ka duba lambar shasin motarka, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. In ta fara da 1 ko 4 ko 5, a Amurka aka haɗa ta. In 2 ce Kanada, 3 Meziko, J kuma Japan. Camry mai 4T1 daga Georgetown ta jihar Kentucky ta fito, inda Toyota ta fara aiki a 1988. Accord mai 1HG daga Marysville ta Ohio take, wadda Honda ta buɗe a 1982. Ka ga ke nan 'yar Kwatanon da muke kira ta Japan, Ba'amurke ne ya ɗaura mata ƙofa.

Kafin a gane dalilin rufe masana'anta sai an san lissafinta. Babbar masana'antar haɗa mota tana da sashen buga falankin ƙarfe ya zama ƙofa ko rufi, da na walda, da na fenti, sai na ƙarshe inda ake saka inji da giya da kujeru da wayoyi. Ginata da injinanta sukan ci fiye da dala biliyan ɗaya. Layin yana sakin mota kusan ɗaya a minti, kuma da rukunin safe da na yamma za ta iya yin 200,000 zuwa 250,000 a shekara. Matsalar ita ce yawancin kuɗin da ake kashewa ba sa raguwa don an rage aiki. Bashin injina yana nan, tandun busar da fenti sai an kunna shi ko mota goma za a gasa, masu gyaran injina sai an biya su. Shi ya sa masu harkar suke cewa sai masana'anta tana aiki da kusan kashi 80 na ƙarfinta kafin ta ga riba. Sannan a tsohon tsarin Detroit kowace masana'anta an shirya ta ne don samfuri ɗaya ko biyu, in kasuwa ta juya wa samfurin baya, ba a wayi gari a sauya.

Rufewa kuma ba dare ɗaya take zuwa ba. Da farko motoci su cika filin dillalai. Abin da aka saba shi ne ajiyar da za ta ƙare cikin kwana 60, in ta kai kwana 90 ko 100 sai a fara ragi. Ragi bai ja masu saye ba, a tsayar da layi mako ɗaya ko biyu. Daga nan a sallami rukunin dare, sannan na yamma. Alama ta ƙarshe ita ce kamfani ya raba sababbin samfura ga masana'antunsa bai ba wannan komai ba. Haka ta faru a Lordstown ta Ohio, wadda GM ta buɗe a 1966. An cire rukuni na uku a farkon 2017, na biyu a tsakiyar 2018, aka sanar da dakatarwa a Nuwamban shekarar, Chevrolet Cruze ta ƙarshe ta sauka daga layi a Maris 2019. Wurin da ke da ma'aikata kusan 4,500 ya yi shiru cikin shekara biyu da 'yan watanni. Kuma masu kawo kujeru da tayoyi da gilashi da ke maƙwabtaka tare suke faɗuwa, domin kullum suke kai kaya, ba su da wani mai saye.

To me ya kori masu saye? Man fetur ne ya buɗe ƙofa. Takunkumin mai na ƙasashen Larabawa a 1973 ya ɗaga ganga daga kusan dala 3 zuwa kusan 12, juyin juya halin Iran a 1979 ya ƙara. Mutane suka koma neman ƙaramar mota marar shan mai. Amma a ganina rashin inganci ya fi mai yi wa Detroit illa, domin mai ya sauko daga baya, masu saye kuwa ba su dawo ba.

Ɗauki Chevrolet Vega, wadda ita ma a Lordstown aka yi ta. An yi mata inji na alminiyom ba tare da rigar ƙarfe a cikin silinda ba, aka haɗa shi da ƙaramin lagireto. Da ruwa ya ɗan ragu inji ya yi zafi, bangon silinda ya karce, mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi. Ga tsatsa tana cin saman tayoyin gaba cikin 'yan shekaru. Ford Pinto an ajiye tankinta a bayan gindin tayoyin baya, in aka daka ta ta baya yana iya fashewa ya kama da wuta, har aka janye kimanin miliyan 1.5 don gyara a 1978. Injin dizal na Oldsmobile, wata motar GM, an ɗora shi a kan fasalin injin fetur, ƙusoshin kansa ba sa jure matsin dizal sai gaskit ya ƙone, kuma ba a saka masa abin raba ruwa da mai ba, ruwa ya riƙa lalata famfon allura. Wanda ya sha wannan wahala ya koma Corolla ko Civic, ya ga shekara da shekaru ba ya zuwa wurin bakanike sai canjin mai, da wuya ya waiwayo, kuma 'ya'yansa a cikin wannan motar suka tashi.

Wasu sukan ɗora laifin kan ma'aikata, amma labarin Fremont ta Kalifoniya ya ƙaryata su. GM ta rufe wannan masana'anta a 1982 tana cikin mafi muni a kamfanin, wasu ranaku kusan ɗaya cikin biyar na ma'aikata ba sa zuwa. A 1984 aka sake buɗe ta haɗin gwiwa da Toyota da sunan NUMMI, aka dawo da yawancin mutanen nan da ƙungiyarsu ta ƙwadago, aka tura wasu Japan horo. Ba a jima ba ingancin motocinta ya kusa kamo na Japan. A tsohon tsarin GM, haramun ne layi ya tsaya. In ƙusa ba ta shiga daidai ba sai a wuce, a rufe ta da kafet da kujera, a bar wa masu gyara a fili su tono in sun gano. A tsarin Toyota akwai igiya a saman kowane ma'aikaci, ya ga matsala ya ja, shugaban rukuni ya rugo, in ba a warware ba layi ya tsaya har a gano tushenta. Pontiac Vibe da ta cika titunan Najeriya daga nan ta fito, shi ya sa injinta da na Corolla da Matrix ɗaya ne. Abin takaici, GM ta daɗe ba ta yaɗa darasin ba. A shekarun 1980 ta gwammace zuba biliyoyi a mutum-mutumi, har aka sha ba da labarin na masana'antar Hamtramck suna fesa wa juna fenti. An rufe NUMMI a 2010, Tesla ce a ginin yanzu.

Sai nauyin da ke wuyan kamfanonin. A 1950 GM da ƙungiyar ma'aikatan motoci ta UAW ƙarƙashin Walter Reuther suka ƙulla yarjejeniyar fansho da kuɗin asibiti. Haƙƙi ne da ya fitar da miliyoyi daga talauci, kuma lokacin da kamfani ke girma bai yi nauyi ba. Amma a Amurka kamfani ne ke ɗaukar inshorar lafiyar ma'aikaci, to da kasuwa ta tsuke, 'yan fansho suka fi masu aiki yawa nesa ba kusa ba. Zuwa 2005 GM na cewa kuɗin lafiya kaɗai yana cin kusan dala 1,500 a kowace mota. Ga wani tsari na 1984 da ke biyan wanda aka dakatar kusan kashi 95 na albashinsa. Tunda biya za a yi ko an yi aiki ko ba a yi ba, sai aka ci gaba da ƙera motocin da ba a nema, ana jibga su ga kamfanonin haya da araha. Bayan shekara ɗaya su cika kasuwar gwanjo, darajar motar ta faɗi, mai saye na gaba ya ƙara gudu. Su kuwa kamfanonin ƙasashen waje suka nufi kudancin Amurka: Nissan a Tennessee a 1983, BMW a South Carolina a 1994, Mercedes da Hyundai a Alabama. Matasan ma'aikata, babu ɗan fansho ko ɗaya, ƙungiyar ƙwadago ba ta da ƙarfi, gwamnatocin jihohi suna ba da fili da rangwamen haraji. Yarjejeniyar ciniki ta NAFTA tsakanin Amurka da Kanada da Meziko ta 1994 kuma ta ƙara ja da aikin hannu irin su ɗinkin kujeru da haɗa wayoyi zuwa Meziko.

Mafakar Detroit ita ce a-kori-kura da manyan jif. Tun 1964 akwai kuɗin fito na kashi 25 a kan a-kori-kurar da aka shigo da ita, kuma dokar tsimin mai ta 1975 ta sassauta wa irin waɗannan motoci. Riba mai kauri tana nan, sai suka zuba ƙwansu duka a kwando ɗaya. A 2008 galan ɗin fetur, wato lita 3.8, ya haura dala 4, bankuna suka daina ba da bashin mota, cinikin ƙasar ya faɗo daga kusan miliyan 16 a 2007 zuwa 10.4 a 2009. A rana ɗaya, 23 ga Disamba 2008, GM ta tsayar da layin jif a Janesville ta Wisconsin da Moraine ta Ohio. Chrysler ta shiga kotun fatara a Afrilu 2009, GM a 1 ga Yuni. Gwamnati ta zuba kusan dala biliyan 80, yawanci ya dawo. Ford ta tsira ne don ta jinginar da kusan duk kadararta a 2006, har da tambarinta, ta ranto dala biliyan 23.5. Pontiac da Saturn, sunayen motocin GM, a nan suka mutu.

Garuruwa su suka ɗanɗana kuɗarsu. A garin Flint na Michigan, GM na da ma'aikata kusan 80,000 a ƙarshen shekarun 1970, bayan shekara talatin ba su kai 10,000 ba. Detroit ta sauko daga mutum miliyan 1.85 a 1950 zuwa kimanin 639,000 a 2020. Amma ka lura, zubewarta ta fara tun kafin Japan ta shigo, lokacin da kamfanoni suka bar tsofaffin benaye irin na kamfanin motoci na Packard suka koma bayan gari neman fili mai faɗi, masu hali suka bi su. Baƙaƙen fata da suka yi ƙaura daga kudu don wannan aiki su aka bari da birnin da harajinsa ya ƙafe, har ya bayyana fatara a 2013 da bashin kusan dala biliyan 18. Mambobin UAW sun ragu daga miliyan 1.5 a 1979 zuwa ƙasa da 400,000.

Abin da ke damuna shi ne kamfanonin sun sake komawa gidan jiya. Ford ta sanar a 2018 cewa za ta bar ƙananan motoci a kasuwar gida in ban da Mustang, GM ta daina Malibu a 2024. Motar lantarki kuma ba ta buƙatar fistin da bututun hayaƙi da giya mai hawa takwas, don haka masana'antun inji da giya su ne a layin gaba na haɗari. Kusa da Lordstown, GM da kamfanin LG na Koriya ta Kudu sun buɗe masana'antar batir a 2022, ta fara ɗaukar ma'aikata a kan kusan dala 16.50 a awa, kimanin rabin abin da tsohon ma'aikacin haɗa mota ke karɓa. Sai bayan yajin aikin mako shida na 2023 aka shigar da su babbar yarjejeniyar UAW.