Babba ko ƙarami: wane babur ya dace da sabon hannu?

Tambaya: Wata biyu ke nan da na koyi tuƙi. Ina so in sayi babur mai injin 200 don zirga-zirga tsakanin Gombe da Bauchi, amma yayana ya ce in tsaya a Boxer mai 100. Wanne zan ɗauka? (Daga wani matashi a Pantami)

Amsa: Ƙanena, bi maganar yayanka. Tashin mai 200 ya fi ƙarfin hannun da bai gama sanin kuloci ba. Ɗan murɗa totur kaɗan fiye da kima a kwana, sai tayar baya ta zame. Kuma idan ka ninka gudu sau biyu, nisan da za ka ci kafin birki ya tsayar da kai yakan ninku kusan sau huɗu.

Ka samu fili mara jama'a ka gwada tsayawa daga gudun kilomita 30, kana haɗa birkin hannu da na ƙafa. Na hannu, wato na tayar gaba, shi ke yin mafi yawan aikin, amma a hankali ake matsa shi, ba a damƙe shi lokaci guda, balle a kan yashi ko tsakuwa. Masu tsoronsa su dogara da na ƙafa kaɗai su ne ke ja da taya har su afka bayan mota.

Hanyar Bauchi kuwa ta haura kilomita 150, ga tireloli, ga shanu na tsallakawa wajen Alkaleri, ga hazo in hunturu ya kama. Wannan ba makarantar sabon hannu ba ce. Hau mota tukuna.

In babur na hannu za ka saya, duba lambobi huɗu a gefen taya: biyun farko makon da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe shekarar. Tayar da ta haura shekara 5 a canza ta ko da zanenta bai cinye ba. Sarƙa kuma kada lilonta ya wuce santimita 2 zuwa 3.

Tambaya: Hular kwano mai araha ta wadatar? (Daga wani magidanci a Yelwa, Bauchi)

Amsa: Malam, in irin ta 'yan gini ce, a'a, don ba ta da soso mai tauri a ciki da zai shanye bugu. Nemi mai rufe haɓa, mai tambarin ECE ko DOT, wato shaidar inganci, ka ɗaure igiyarta yadda yatsu biyu kawai za su shiga ƙarƙashi. Wadda ta taɓa buguwa da ƙarfi a haɗari ta gama aiki, ko da ba a ga tsagewa ba.