Hukuncin karanta labaran Indiya da mata ke ƙin zaluncin maza

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina karanta ƙagaggun labaran Indiya da ake nuna mace ta tashi tsaye ta ƙi danniyar miji da danginsa. Yayana ya ce haramun ne, wai suna koya wa mace raina namiji. Mene ne hukuncin?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yata, karanta su ya halatta. Labari magana ce, hukuncinsa yana bin abin da ya ƙunsa, don haka sai a duba me matan suke ƙi.

Yawanci abubuwa ne da aka yi da gaske a ƙasar. An ƙone mata da ransu tare da gawar mazajensu har aka hana a 1829. An hana wadda mijinta ya mutu sake aure har aka yi doka a 1856. Iyayen amarya ke biyan dangin ango dukiya, idan ta gaza a gallaza wa yarinya, wani lokaci har kisa. An haramta wannan a 1961 amma bai ƙare ba. A 1994 sai da aka hana likitoci faɗin jinsin abin da ke ciki, saboda yawan zubar da cikin 'ya mace. Wanne ne shari'a ta yarda da shi a nan? Allah ya wajabta wa miji sadaki a Suratun Nisa'i, aya ta 4, kuma Suratut Takwir ta ce za a tambayi yarinyar da aka binne da rai laifin da ta yi. Mu ma da muke wulaƙanta amarya don gara ko kayan ɗaki ba su cika ba, ya kamata mu ji kunya.

Kai ƙarar zalunci kuwa ba raini ba ne. Khaula bint Sa'alaba ta kai kukan mijinta wurin Manzon Allah (SAW), aka saukar da farkon Suratul Mujadala a kanta. Khansa'u bint Khizam ta ƙi auren da mahaifinta ya ɗaura mata, Annabi ya warware shi, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Shugabancin da aya ta 34 ta Nisa'i ta ba miji nauyi ne na ciyarwa da kariya, kuma aya ta 19 ta umarce shi da kyakkyawan zama.

Yayanki yana da gaskiya a wuri guda. Wasu littattafan suna cike da batsa, ko suna ƙawata zina a matsayin 'yanci, ko su ɗora laifin mugun miji a kan addini. Mai batsa ki ajiye shi. Wanda ke jefa shubuha, kada ki karanta sai kina da ilimin da za ki tantance, ko malama da za ki tambaya. Kada kuma karatun ya ci miki lokacin salla.

Wallahu a'alam.