Linux a Cikin Windows: Amsar Tambayar da Ka Yi Mini Jiya

Ɗana, jiya muna rufe shago ka tare ni da tambaya, ni kuma ina saurin samun jam'in magariba, na ce ka bari tukuna. Ga amsar a natse. Cewa ka yi ɗalibar nan da ta kawo laftof ɗin HP, malaminsu ya ce dole su koyi aiki da Linux, wato wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ita kuma ba ta son rabuwa da Windows saboda duk rubuce-rubucenta suna ciki. Kana so ka sani: raba faifan ajiyar za ka yi gida biyu, ko kuwa za ka bi dabarar da ka taɓa gani a wurina, inda Linux ke buɗewa da fuskarsa gaba ɗaya a cikin taga guda?

Kada ka taɓa faifan nan. Shekarun baya na ɗauki aikin raba faifan wani bawan Allah mai rubuta kundin kammala digiri. Ana tsakiyar aikin aka ɗauke wuta, batirin kuwa ya daɗe da mutuwa. Kwana uku na yi ina fama in ceto masa fayilolinsa, babi biyu ba su dawo ba. Har yau in na tuna yadda ya zauna a bencin ƙofar nan ya yi jugum, sai in ji zuciyata ta yi nauyi. Raba faifai yana da ranarsa, amma ba don mai son koyon darasi na zango ɗaya ba.

Abin da ka gani a wurina sunansa VirtualBox. Kyauta ne, wani kamfanin Jamus ne ya fitar da shi a 2007, yanzu yana hannun Oracle. Aikinsa shi ne ya ƙera kwamfuta a cikin kwamfuta. Masu abin da kansu da sunan mai masauki da baƙo suke kiran ɓangarorin biyu, kuma sunan ya dace. Windows ce mai gida, Linux baƙo ne da aka sauke a zaure. Shi baƙon gani yake yana da ram ɗinsa, wato ma'ajiyar wucin gadi da inji ke aiki da ita, da faifansa, da allonsa, alhali duk daga tukunyar gidan ake zuba masa. Faifan nasa ma fayil ɗaya ne tak, mai ƙarewa da vdi, yana zaune a cikin wata folda. Ranar da yarinyar ta gama darasinta, a goge fayil ɗin, baƙo ya tafi, ko tsinke bai ɗauka ba.

To tunda daga tukunyar gida ake ciyar da shi, tukunyar za ka fara leƙawa, kuma a nan ne yara masu koyo suke faɗuwa. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga wurin da ake nuna aikin furosesa, ka duba layin da aka rubuta Virtualization, wato damar da furosesa ke bayarwa a sauke baƙo. In a kashe yake, sai ka shiga bayos, wato saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi. A HP, Esc za ka danna da zarar ka kunna, sannan F10. A Dell kuwa F2. Intel na kiran abin VT-x, a injinan AMD sau da yawa SVM za ka ga an rubuta. Laftof na gwanjo da yawa a kashe suke zuwa da shi. Na sha ganin yaro ya ɓata yini yana sake sauke manhaja yana zargin fayil, alhali maɓalli ɗaya ne a bayos.

Sai ram. Na buɗe laftof ɗin ɗalibar da safe: Core i5 ce, ram giga 8, da SSD, wato faifan zamani mai sauri. Alhamdulillahi, wannan za ta ɗauka. Ka ba baƙon giga 3, ko 4 in ba ta cika buɗe abubuwa da yawa a Windows ba, da ƙwayoyin furosesa biyu. Kada ka wuce rabi ko da wasa, don in mai gida ya kwana da yunwa baƙo ma ba zai ƙoshi ba. Inji zai riƙa maƙalewa, fanka na ihu, ƙasan yana ɗaukar zafi. In wani ya kawo mai giga 4 kacal, faɗa masa gaskiya tun kafin ka karɓi kuɗinsa. Windows 11 ita kaɗai giga 4 ne mafi ƙarancin abin da take buƙata, me za ta rage wa wani? Ko ya ƙara ram, ko ya haƙura. Kuma in faifan tsohon yayi ne mai juyawa, ya shirya wa jira.

Wane Linux za ka sa, tunda iri-iri ne? Mutane sun fi jin sunan Ubuntu, amma fuskarsa ta GNOME tana da nauyi, fayil ɗin na 24.04 ma ya kusa giga 6. Ni na fi son Linux Mint mai fuskar Xfce, ko Xubuntu. Ba su da ci, kuma wanda ya saba da Windows ba zai ɓata ba, tunda a Mint maɓallin farawa na nan ƙasa ta hagu inda hannu ya saba zuwa. Umarnin da malami zai koyar kusan duk iri ɗaya ne, gida ɗaya suka fito. Ka ware masa giga 30 na faifai, ka zaɓi irin faifan da ke girma a hankali gwargwadon abin da aka zuba, ba wanda ke cinye wurin gaba ɗaya tun ranar farko ba.

In ka gama girkawa za ka ga fuskar ta tsaya 'yar ƙarama a tsakiyar taga, ka ja ta ta ƙi buɗewa. Ba lalacewa ba ce. Akwai ƙarin da ake kira Guest Additions, a cikin baƙon ake sa shi. Da zarar ya shiga ka sake kunnawa, fuskar za ta riƙa bin girman taga, ka kunna kwafe rubutu daga nan zuwa can, ka kuma haɗa musu folda ɗaya da za su riƙa miƙa wa juna fayil. In foldar ta ƙi buɗuwa a Linux, sa sunan mai amfani a rukunin vboxsf. Ka nuna mata Ctrl na dama, shi ke sakin linzami in ya maƙale a ciki, shi da F kuma ke cika allo. Daga nan ka ɗauki Snapshot, wato ajiye yanayin injin yadda yake a lokacin. Ɗalibi mai koyo sai ya ɓata wani abu, babu makawa, kuma haka ake koyo. Da wannan, cikin minti ɗaya za ta koma ranar da ka miƙa mata.

Ka sa ido a ƙasan tagar ta dama. In ka ga ɗan koren kunkuru, to Hyper-V, mai saukar baƙi na Microsoft da ke cikin Windows, ya riga ya kama wurin, VirtualBox ta bayansa yake bi, tafiyar kuma ta kunkurun ce. Wani lokaci tsaron da Windows 11 ke yi wa ram ne ke jawo haka. Kada ka kashe wa mutum tsaron injinsa ba tare da ka yi masa bayani ya amince ba.

Akwai hanya ta biyu, WSL, mai gudanar da Linux kai tsaye a cikin Windows, wadda Microsoft ta fara a 2016, ta sake gina ta da ainihin zuciyar Linux a 2020. Umarni ɗaya ne, wsl --install, kuma tun 2021 manhajojin Linux masu hoto suna buɗewa ɗaya-ɗaya a gefen na Windows. Ta fi sauƙi a kan inji. Sai dai ba ta ba ka fuskar gaba ɗaya. Masu nacin haka sai sun sa Xfce da wata manhaja mai suna xrdp sannan su leƙa ta Remote Desktop, tagar da ake leƙa wata kwamfuta daga nesa, kuma ban ga dalilin wahalar da ɗaliba da wannan ba. Kuma WSL ɗin na yanzu a kan Hyper-V yake tsaye, shi ma yana kiran kunkurun nan, saboda haka kada ka haɗa mata biyun.

Gobe kafin ka fara komai, kira ta ka tambaye ta me malamin yake so. In baƙin allo ne da buga umarni kawai, WSL ya ishe ta. In ya ce su ga Linux da fuskarsa da komai, VirtualBox. Filashin da ke da Mint yana aljihun teburina na sama, kada ka sa ta ƙona data. Ka fara kwashe rubuce-rubucenta zuwa wani faifai, ka duba cajin batiri, sannan ka zauna ka yi da hannunka. Ina nan kusa, in ka kai wurin rabon ram ka kira ni in gani kafin ka danna.