Hukuncin karantar da yara cewa garken taurarinmu zai haɗu da Andromeda

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin kimiyya ne a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Maradi. Na karantar da ɗalibaina cewa garken taurarin da ranarmu take cikinsa zai haɗu da wani garken mai suna Andromeda bayan shekaru biliyan 4 zuwa 5. Wata yarinya ta ce: "Mushe, ke nan sai lokacin za a tashi alƙiyama?" Na ce mata haka dai kimiyya ta nuna. Daga baya wani abokin aikina ya ce darasin duka bokanci ne, domin Risala ta hana duban taurari sai don alƙibla da sassan dare. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Mene ne hukuncin abin da na yi?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, darasin da ka karantar halal ne, kuma ka ci gaba da shi. Inda ka zame shi ne amsar da ka ba yarinyar, kuma na lura ka ambace ta a tsakiyar wasiƙarka kamar ƙaramin abu, alhali hukuncin a kanta ya rataya.

Sanin lokacin tashin alƙiyama na Allah ne shi kaɗai, babu saɓani a kan wannan, kuma aya ta 187 ta Suratul A'araf ta ce ba za ta zo ba sai kwatsam. Yarinyar nan ta tambaye ka aƙida, kai kuma ka amsa mata da lissafi, sai ta koma gida da fahimtar cewa alƙiyama tana da ranar da aka ƙididdige, kuma da sauran nisa. Na san ba haka ka nufa ba, shi ya sa ban ce ka yi da'awar sanin gaibu ba, amma gyaran wajibi ne a kanka, a gaban ajin da ya ji maganar, domin kuskuren da aka yi a bainar jama'a ba a gyara shi a bayan ɗaki. Ka gaya musu cewa lissafin masana yana tafiya ne a kan sharaɗin cewa al'amura su ci gaba yadda Allah ya saba gudanar da su, kuma wanda ya gudanar yana da ikon tsayarwa kafin a idar da sallar la'asar ta yau.

Maganar abokin aikinka tana buƙatar a tsaya a kanta, saboda na sha jin ta daga mutanen kirki. Gaskiya ne Ibn Abi Zaid ya faɗa a ƙarshen Risala cewa ba a duban taurari sai abin da ake gane alƙibla da sassan dare da shi, a bar saura. Sai dai malamai irin su Khaɗɗabi da Ibn Rajab sun raba ilimin taurari gida biyu. Akwai ilimin tasiri, wato a ce tauraro kaza ya fito don haka sarki zai mutu ko aure zai lalace, kuma wannan ne hadisin Abu Dawud ya kira yanki na sihiri. Akwai kuma ilimin tafiyarsu, wato auna inda suke da saurinsu da inda suka dosa. Manomin da ya dubi kaza da 'ya'yanta ya gane inda shekara ta kai bai yi bokanci ba, haka wanda ya lissafa ranar husufin wata. Da za a ɗauki lafazin Risala yadda abokinka ya ɗauke shi, da jadawalin lokutan salla da ke rataye a masallacin unguwarsu ma ya shiga zargi. Abin da ake tsoro shi ne jingina wa tauraro iko da sanin ɓoye, kamar yadda hadisin ruwan sama na Hudaibiyya da ke cikin Muwaɗɗa, wanda ya zargi mai cewa tauraro kaza ne ya kawo ruwa, ya nuna.

In ya ce wannan ai labarin abin da bai faru ba ne, sai ka tambaye shi: wanda ya hango mota ta taso daga Tibiri ya ce bayan minti kaza za ta shigo gari, gaibu ya sani? Andromeda tana nesa da mu da tafiyar haske ta shekaru miliyan 2.5, kuma tun 1912 Vesto Slipher ya gane daga haskenta cewa tana matsowa. Saurin da take kusantar garkenmu ya kai kimanin kilomita 110 a daƙiƙa, wato tafiyar Maradi zuwa Yamai cikin daƙiƙa 6. Wannan awo ne da na'ura, wanda duk mai irin na'urar zai iya maimaitawa ya gaskata ko ya ƙaryata, boka kuwa ba ya ba ka hanyar bincikar maganarsa. Ka kuma gaya wa abokin naka cewa mafi daɗewar bayanin da aka sani a rubuce game da Andromeda na Musulmi ne, Abdurrahman as-Sufi, wanda ya siffanta ta da ɗan ƙaramin gajimare a littafinsa na taurari wajen shekarar 964.

Akwai gyara na biyu, wanda ya shafi amanar ilimi. Ka ce "zai haɗu" da yankewa, alhali masu fannin da kansu sun sassauta. A 2012, bisa awon Hubble, madubin hangen nesa da ke sararin samaniya, an ce haɗuwar za ta zo bayan shekaru biliyan 4. Awon wani madubin mai suna Gaia na 2019 ya kai ta biliyan 4.5. Sannan a 2025 wani bincike da Till Sawala na Jami'ar Helsinki ya jagoranta, wanda ya shigar da jan da wasu ƙananan garkuna biyu suke yi, ya nuna cewa yiwuwar haɗuwar cikin shekaru biliyan 10 masu zuwa kusan rabi da rabi ce. Zato mai ƙarfi ana faɗinsa da sunan zato, kuma malamin da ya sayar da shi da sunan yaƙini ya rage mudu. Abin da ya fi tabbata shi ne cewa garkuna suna haɗuwa, domin an ɗauki hotunan wasu suna cikin yi, kuma namu ma yana haɗiye wani ƙarami da aka gano a 1994 ta wajen jerin taurarin da ake kira Sagittarius.

Saboda haka nake jan kunnenka da kada ka gyara kuskure da wani kuskuren, ka ce wa yara wannan haɗuwar ita ce fassarar "idan taurari suka warwatse" ta Suratul Infiɗar. Na ga matasa masu kishin addini suna yaɗa irin wannan a WhatsApp. Wanda ya ɗaure aya a jikin binciken 2012, me zai ce wa ɗalibansa a 2025? Ballantana siffar ma ba ta dace ba, domin masana sun ce ko garkunan sun ratsa juna da wuya tauraro ya bugi tauraro: da rana ƙwayar gero ce, da tauraro mafi kusa da ita yana nesa da fiye da kilomita 50. Kuma a lissafinsu rana za ta ƙara zafi har ƙasa ta gagari zama tun kafin wannan lokacin.

Rashin natsuwar da ka ambata alamar imani ce, amma kada ka bari ta zama waswasi har ka guji fanninka, domin in masu tsoron Allah suka bar ajin kimiyya, wani ne zai amsa wa yarinyar nan. Kada kuma ka yi gaba da abokin aikinka. Ka kai masa wannan amsar cikin ladabi, in bai gamsu ba ku zo tare. In hali ya yi, tsakanin Oktoba da Disamba, a daren da babu wata kuma hazo bai sauka ba, ka fita da ɗalibanka maza bayan gari da izinin iyayensu, ku dubi sama ta wajen arewa bayan isha'i, za ku ga Andromeda da ido kamar ɗan farin tabo. Ka fara da karanta musu ayoyin ƙarshen Ali Imrana kafin ka buɗe bayanin lissafi. Wallahu a'alam.