Abin da mara lafiya ke gani a hannunmu

Ɗiyata, jiya da muka sauka daga aikin dare a asibiti kin tambaye ni: ni da nake samun jijiya a karo ɗaya, ba na kuskure wajen awon magani, me ya sa marasa lafiya ke cewa a kira musu wata? Da tambayar nan na kwana.

Mara lafiya bai san artesunat ba, maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Bai san ana yin allurar farko, a sake bayan awa 12, a ƙara a awa 24 ba. Wannan namu ne, kuma dole ya zauna miki daram, balle daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika mana gadaje da yara. Shi abin da yake lura da shi, kin yi sallama? Kin ja masa zane kafin ki buɗe jikinsa?

Dubi dattijon da aka kawo daga Tanut, wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Muna juya shi duk awa 2 don kada kwanciya ta ci masa baya. Mutum ne mai iyali, yau ga shi sa'ar jikarsa ce ke goge shi. In kin cicciɓe shi shiru kamar buhun hatsi, aikin ya yi daidai, amma shi ya ji a ransa. Ki durƙusa ki ce, "Baba, sannu da jiki, zan juya ka dama," ki jira ya gyaɗa kai. Wallahi har jikin nasa sai ya fi miki sauƙin ɗauka.

Sai uwar nan ta Mirriya da kika ce ba ta damu da ɗanta ba, don kin tambayi sunansa ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, kunya ce ta hana ta. Kakar za ki tambaya. Tun 2006 aka ce a Nijar a duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma kuɗin mota da na abinci suna kanta, ga tsoro, ga bariki ba ta saba ba. Tsawa ɗaya ta isa ta goye shi ta tafi kafin magani ya ƙare.

Gobe da asuba, kafin ki ɗaura wa yaron ƙarin ruwa, ki murza tafukanki su yi ɗumi, ki gaishe ta, ki ba ta hannunsa ta riƙe miki. Ina nan tsaye bakin ƙofa.