Tambaya da Amsa: Yadda Ake Ɓatar da Baƙin Bango a Hoton Motsi Ba Tare da Yanka Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa tallan hoton motsi a manhajar After Effects wa wani shagon kayan fata a nan Sakkwato. Na sauko da bidiyon hayaƙi mai baƙin bango, kuma ina da tambarin shagon da aka zana da biro a farar takarda, amma duk wanda na ɗora sai ya rufe hoton ƙasa. Yaya zan yi? Daga wani mai karatu a Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganin matsalarka yana cikin salon gauraye na kowace leya (wato kowane hoto ko bidiyo da ka ɗora a kan wani), salon da za ka gani a ginshiƙin Mode. Idan bai bayyana ba, ka danna F4. Sai dai ka sani cewa wannan salo ba ya yanke komai, lissafi ne kawai manhaja ke yi tsakanin kowane ɗigo na leyar sama da ɗigon da ke ƙarƙashinsa.

A hoto mai bit 8, hasken kowane launi yana tsakanin 0 da 255, amma wajen lissafi ana mayar da shi tsakanin 0, wato baƙi, da 1, wato fari. Salon gauraye da ake kira Multiply yana ninka darajar sama da ta ƙasa. Tun da duk abin da aka ninka da 1 ba ya sauyawa, farin takardar zai ɓace, layin biron kuma ya zauna daram a kan hoton fatar, don haka shi ne ya dace da tambarinka. Screen kishiyarsa ne: baƙi ke ɓacewa, haske ya rage, shi ya sa ake amfani da shi ga hayaƙi da wuta da tartsatsi. Idan aka haɗa ɗigo biyu masu darajar 0.5, Multiply zai ba da 0.25, Screen ya ba da 0.75, Add kuwa, wanda ke tara darajojin biyu, ya kai 1, wato fari fat. Wannan ne dalilin da ya sa ba na ba da shawarar Add ga hayaƙi, domin yana ƙone wuraren haske har a rasa zanen da ke jikin fatar, ko da yake yana da kyau ga walƙiya.

Overlay da Soft Light kuwa matsakaicin ruwan toka suke ɓatarwa, kuma sun fi amfani wajen rina hoto, kamar idan kana son ba shi launin hazon hunturu.

Inda akasari ake tuntuɓe shi ne baƙin bidiyon da aka sauko daga intanet ba kasafai yake zama 0 daidai ba, haka ma takardar da aka ɗauka da waya ba ta kai 255. Sakamakon haka sai ka ga wani akwati dishi-dishi kewaye da hayaƙin ko tambarin. Ka sa Levels, wato abin daidaita haske da duhu, a kan leyar, ka ja alamar baƙi ko ta fari ciki kaɗan-kaɗan har gefen akwatin ya ɓace.

Haka kuma, tun da lissafin yana buƙatar abin da ke ƙasa, idan ka tattara leyar hayaƙin cikin wani Pre-comp, wato ƙunshin leyoyi da aka mayar tamkar leya ɗaya, salon ba zai ratsa zuwa bangon waje ba, sai ka kunna maɓallin Collapse Transformations na Pre-comp ɗin, ko ka sa Screen a kan Pre-comp ɗin kansa. Idan kuwa mai shagon yana son tambarin shi kaɗai marar bango domin a ɗora shi a wani bidiyon, Multiply ba zai biya buƙata ba. Dole ka cire farin da gaske da Extract, wato abin da ke cire sashen hoto bisa ga haskensa, sannan ka fitar da aikin a nau'in bidiyo na ProRes 4444 tare da zaɓin RGB + Alpha, wanda ke barin aikin marar bango.